Tashar Baro: Ƙauyen da Ya Taɓa Zama Ƙofar Arewa

Da za ka tare mutum goma a Fagge ko Sabon Gari ka tambaye su daga ina layin dogon da ya fara shiga Kano ya taso, da wuya tara ba su ce maka daga Legas ba. Ba laifinsu ba ne, domin abin da ido ya saba gani ke nan: jirgin Ikko, kayan Ikko, goron Ikko. Amma ƙarfen da ya iso Kano a watan Maris na 1911 ba daga bakin teku aka faro shimfiɗa shi ba. Daga wani ƙauyen Nufawa ne a gaɓar Kogin Kwara, wanda yau yake cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja. Sunansa Baro. Hukumar da ta gina layin ma da sunan ƙauyen aka san ta, Reluwen Baro zuwa Kano, kuma sai da ta yi shekaru tana cin gashin kanta kafin a haɗe ta da ta Legas.

Yau jirgi ba ya zuwa Baro. Ciyawa ta rufe dogon, tsatsa ta ci abin da ya saura a fili, tsofaffin sito-sito na kamfanonin Turawa sun zama kangaye. Idan ana zancen irin waɗannan tashoshi, abin da aka fi ji shi ne "gwamnati ta yi sakaci." Akwai sakacin kam, ba a musu. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki, don ciwon da ya kwantar da tashar Baro da shi aka haife ta.

Me ya kai jirgin ƙasa ƙauye irin wannan tun farko?

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya tsinci kansa riƙe da ƙasa mai faɗi da yawan jama'a, amma aljihunta a bushe. Arewa ba ta da bakin teku, kuɗin fito kuwa a tashoshin Kudu ake karɓarsa. Gwamnatin da ke zaune a Zungeru da tallafin baitulmalin Ingila da gudummawar Kudu take biyan albashi. Lugga ya ƙudurta cewa Arewa sai ta sami hanyarta ta kanta zuwa teku, wadda ba sai ta roƙi Legas ba. Hanyar kuwa Allah ya riga ya shimfiɗa rabinta: Kogin Kwara. Abin da ya rage shi ne a ja ƙarfe daga Kano zuwa wani wuri a bakin kogin inda jirgin ruwa zai iya tsayawa. Ya ma taɓa gwada ƙaramin samfurin wannan tunani, wato ɗan siririn layin da ya haɗa Zungeru da Barijuko a bakin Kogin Kaduna a farkon shekarun 1900, wanda kan jirginsa aka daɗe da ajiyewa a tashar Minna don tarihi.

Mahukuntan Legas ba su ga abin haka ba. Layinsu ya isa Ibadan tun 1901, kuma burinsu shi ne su ci gaba da miƙa shi har Kano, duk arzikin Arewa ya riƙa sauka a tasharsu. Aka yi ta kai ruwa rana tsakanin Zungeru da Legas da Landan, takardu na ta kai-komo, har Lugga ya bar kujerarsa a 1906 ba a daddale ba.

Abin da ya karkato da ma'aunin shi ne auduga. Masaƙun Lankasha ta Ingila sun gaji da dogaro da audugar Amurka, suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Manchesta a 1902, kuma aka cika musu kunne da cewa ƙasar Kano da Zazzau za ta iya ciyar da injinansu. Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne ƙaramin minista a ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka, mazaɓarsa a Manchesta take, don haka ba abin mamaki ba ne da ya tsaya wa aikin. A 1907 aka amince, aka kuma turo Sir Percy Girouard, haifaffen Kanada, ya gaji Lugga. Ba don iya mulki aka zaɓo shi ba. Injiniyan soja ne da ya yi suna wajen keta hamadar Sudan da layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed a 1897.

Dalilin zaɓen Baro kuwa na ƙasa ne da ruwa. Gaɓar Kwara daga Lakwaja zuwa sama yawancinta fadama ce da yashi, ruwa ya cika ya malale, ya janye ya bar taɓo. A Baro akwai tudu da gaɓa mai ƙwari, inda jirgi zai iya matsowa a yi lodi. Tana kimanin kilomita 650 daga teku, kuma idan kogi ya kawo, manyan jiragen ruwa na iya hawowa har wurin. Wannan ya warware wata matsala da mutane kan manta: kafin jirgin ƙasa ya ɗauki kaya, shi kansa kaya ne. Ƙarafan dogo, kawunan jirage, taragu, siminti, ƙarfen gadoji, duk daga Ingila za su zo, kuma ba jakin da zai ɗauko su daga Legas. Ta ruwa aka kawo su aka jibge a Baro, daga nan aka riƙa tura aikin gaba, jirgi na bin ƙarfen da aka shimfiɗa jiya yana kai na gobe.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A shawarar da aka yanke a 1907, ba a ce wa Legas ta haƙura ba. An bar ta ta ci gaba da layinta zuwa Jebba, ta tsallake Kwara, ta bi ta Zungeru ta haɗu da layin Baro. Wato ranar da aka ɗaura wa Baro aure, ranar aka sa wa kishiyarta rana. Kuɗin ginin layin Arewan ma gwamnatin Kudu ce ta ɗauki nauyin samar da shi.

Girouard ya yi alkawarin layi mai araha, kimanin fam 3,000 kowace mil, ƙasa ƙwarai da abin da layin Legas ya ci. Maimakon a ba 'yan kwangila, ma'aikatar ayyuka ta Arewa ce ta yi aikin da kanta a ƙarƙashin John Eaglesome. An yi amfani da ƙarfe marar nauyi, aka bi kwarin Kogin Gbako don gudun hawa da sauka, ta Katcha da Badeggi da Kataeregi har Minna, tafiyar kusan kilomita 180. Daga nan sai Kaduna, Zariya, Kano. Jimilla wajen kilomita 570, cikin shekara uku da 'yan watanni. Bida, babban birnin ƙasar Nufe, layin bai shiga ba, Badeggi ce ta zama tasharta.

Turawa sun yi ta yabon kansu a kan wannan araha da sauri. Ni dai duk lokacin da na ga lissafin, abin da ke zuwa mini shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Arahar a wuyan talakawa aka same ta. Razdan ya gaya wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya shiga gida-gida. Nufawan Bida da Agaie da Lapai ne suka fara ɗanɗanawa, sannan Gbagyi, sannan talakawan Zazzau da Kano yayin da aikin ke matsawa arewa. Mutum ya bar gonarsa ya yi makonni yana haƙa da ɗaukar ƙasa a kwando, a sallame shi a kawo wani rukunin. Ana biya, gaskiya ne, amma ba a tambayar ra'ayinka. Inda aka matsa da yawa, abin ya fashe. A 1909, a Gussoro ta ƙasar Kuta, Gbagyi sun yi wa ayarin wani jami'in Bature kwanton ɓauna suka kashe shi da 'yan sandan da ke tare da shi, kuma masana tarihi suna danganta wannan da matsin ɗiban lebura. Martanin da sojojin mulkin mallaka suka mayar ya yi muni.

Biyan da ake yi da tsabar sulalla shi ma yana da nasa labarin. A ƙauyukan da wuri ne kuɗi, leburan reluwe ne suka fara komawa gida da azurfar Bature a ƙulle a gefen riga, gwamnati kuma ta juyo ta ce da ita za a biya haraji. Kuɗin ya fita ta hannun dama ya dawo ta hagu, amma a hanya ya koya wa mutane cewa sai an noma abin da kanti zai saya.

Sai ga shi audugar da aka yi duk wannan wahala dominta ba ta zo yadda aka zata ba. Kallon kitse aka yi wa rogo. Manomin Kano yana da masu sayen audugarsa a gida, masaƙa da marina, kuma farashinsu ya fi na Bature. Abin da ya cika taragu shi ne gyaɗa. A daidai lokacin masana'antun Turai sun gano yadda za su daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da sabulu, farashi ya tashi, fataken goro na Kano da suka san kan kasuwa suka baza yaransu ƙauyuka da bashi da gishiri da tufafi. An buɗe layin ga 'yan kasuwa a 1912, a 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Buhuna suka taru a tashar Kano har reluwe ta rasa inda za ta sa kanta. A wannan kasuwa ce daga baya Alhassan Ɗantata ya yi fice.

A waɗannan 'yan shekaru Baro ta ga duniya. Ƙauyen masunta da manoman shinkafa ya wayi gari da ma'aikatar gyaran kawunan jirage, da wayar tangaraho, da sito-sito na kamfanin Neja da na John Holt, da akawuna da makanikai daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas (Ghana ta yau), da 'yan dako Hausawa, da mata masu sayar da abinci a bakin tasha. Turawa suka hau tudun da ke kallon kogin suka yi gidajensu, tudun da yanzu ake kira Empire Hill, wanda jihar Neja ke lissafawa cikin wuraren yawon buɗe idonta. Mutanen wurin suna yawan haɗa shi da sunan Lugga, kodayake lokacin da aka soma aikin dogon shi ya riga ya tafi Hong Kong, sai 1912 ya dawo.

Kishiyar fa ba ta yi barci ba. Layin Legas ya iso Jebba a 1909. Kafin a yi gada, da jirgin fito ake tsallakar da taragu, kuma zuwa 1912 an riga an haɗe da layin Baro a Minna. A watan Oktoba na shekarar aka narkar da hukumomin biyu suka zama reluwen gwamnati guda, fiye da shekara ɗaya kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914. Da haɗewar nan, dalilin siyasar da ya haifi Baro ya mutu, don ba sauran gwamnatin Arewa mai neman kauce wa Legas. A 1916 aka kammala gadar Jebba. Daga ranar, buhun gyaɗa zai hau tarago a Kano, ba za a sake taɓa shi ba sai a bakin teku.

A nan ya kamata a tsaya a yi lissafin ɗan kasuwa, don shi ne ya yanke hukuncin, ba gwamna ba. A takarda Baro ta fi sauƙi. Kano zuwa Legas ta dogo ya haura kilomita 1,100, Kano zuwa Baro kusan rabin haka ne, sauran tafiyar kuma ruwa ne, wanda ya fi kowace hanya arahar dako. To amma a Baro sai an sauke kaya daga tarago an loda a jirgin kogi, a Burutu ko Warri a sake saukewa a loda a jirgin teku. Kowane saukewa kuɗi ne, ɓarna ce, jira ne. Babbar matsalar kuma ita ce kogin ba ya aiki shekara cur. Cikarsa ta gaske daga wajen Agusta zuwa Oktoba ce, sai wata ƙaramar cika da ke isowa da sanyi daga ruwan da ya sauka can ƙasashen Gini da Mali. Gyaɗa kuwa sai bayan kaka take fitowa kasuwa, daidai lokacin da babban ruwan ya fara janyewa. Wanda bai yi sa'a ba, kayansa su kwana a sito watanni suna jiran damina. Shi kuwa fasinja da ɗan kasuwar goro, me zai kai shi Baro? Goron Gwanja ya koma biyo teku zuwa Legas, daga can ya hau jirgi zuwa Kano. Kanti da banki da kotu duk suna Legas.

Haka layin da aka gina a matsayin uwa ya koma reshe. Taswirar reluwe ta juye: babban layi Legas zuwa Kano, Minna zuwa Baro kuwa ɗan wutsiya. Minna, wadda ba a bakin komai take ba kafin zuwan dogo, ita ta ci gajiyar zama mahaɗa, har ta zama babban birnin jiha a 1976. Da aka haɗa layin gabas daga Fatakwal zuwa Kaduna a 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi a 1932, Arewa ta sami ƙofa ta biyu zuwa teku da ba ta jiran cikar kogi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Baro ba ta mutu a 1916 ba. Ta ƙara rabin ƙarni tana numfashi. Dalili kuwa kamfanonin da ke da jiragen kogi, musamman kamfanin Neja da ya rikiɗe ya zama UAC a 1929, sun zuba dukiya a Burutu, kuma riba ce gare su su bi da wani kaso na gyaɗa da auduga ta ruwa, su hawo da gishiri da kananzir da siminti. Bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ƙarancin kawunan jirage ya sa dalar gyaɗa ta yi ta tsayuwa a Kano, kowace ƙofar fita tana da daraja. Ga kuma amfanin da ba a shirya ba: shinkafar fadamun Badeggi, kifin Katcha, doya, man kaɗanya, duk sun sami hanyar zuwa Minna da gaba. Ƙauyukan da ke kan layin suka saba da ranar jirgi kamar ranar kasuwa. Kwatanta wannan da ƙaramin layin kuza na Zariya zuwa Jos, wanda da aka sami hanya mafi kyau ta Kafanchan aka rufe shi ɗungurungum a 1957. Baro ba a yi mata irin wannan yankan ƙauna ba, barinta aka yi ta rame a hankali.

Tasha irin ta Baro kamar murhu take, a kan duwatsu uku tukunyar ke zaune: kaya daga sama, jirgi a kan dogo, jirgi a kan ruwa. Cikin shekara goma kacal dukansu suka gusa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirga a ƙasan kogin, kuma kamfanonin ba su sake farfaɗo da jiragensu kamar da ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta sauya yadda kogin ke cika da janyewa. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka share dala daga Kano. Kuɗin man fetur ya tafi kan kwalta, tirela ta ƙwace dako, tana ɗauka daga ƙofar sito ta sauke a ƙofar sito. Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3 a 1964, amma zuwa 1974 duka biyun sun faɗi ƙasa da rabi. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979, an kawo kamfanin Sin a 1995, duk ƙoƙarin a kan babban layi ya ƙare. Hukumar da ke fama da biyan albashi ba za ta damu da reshen da ya ƙare a bakin kogin da ba jirgi ba. Ko da aka gyara layin Legas zuwa Kano aka sake buɗe shi a ƙarshen 2012, jirgin ta Minna yake wucewa, bai waiwayi kudu ba.

Sai kuma tarihi ya dawo ta bayan gida. A watan Satumba na 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Baro da kansa ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa da ta ci kusan naira biliyan 6, da dakalin tsayawar jirgi mai tsawon mita 150, da rumbun ajiya, da injin ɗaga kwantena. Hujjar da aka bayar kusan ita ce ta Lugga kalma da kalma: Arewa ta sami hanyarta zuwa teku, a rage wa Legas cunkoso. Wannan karon hujjar ta ma fi ƙarfi, don wanda ya san yadda tireloli ke kwana a layi a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, da yadda suke farfasa hanyar Mokwa zuwa Bida, ba ya bukatar dogon bayani.

Amma ta leƙo ta koma. Shekaru bayan yanke ƙyallen, ba a ga jiragen kaya suna jerin gwano a Baro ba. Yashe kogi ba aikin sau ɗaya ba ne, yashi yana dawowa kowace damina. Hanyar mota daga Agaie ta Katcha zuwa Baro, wadda ba ta wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, ta daɗe a hannun 'yan kwangila. Layin dogon kuwa yana nan yadda aka bar shi, ana ta alkawarin gyarawa. A 1908 Turawa sun fara da kogi mai aiki, suka ja ƙarfe daga bakinsa. A 2019 an gina dakali, ana jiran kogin da ƙarfen su zo su same shi.

Akwai ma wata tambaya da masu kiran a farfaɗo da layin ba su cika tsayawa a kanta ba: wane irin dogo? Tsohon layin faɗinsa milimita 1,067 ne, irin na babban layin Legas zuwa Kano na da. Sababbin layukan da ake yi, kamar na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, faɗinsu milimita 1,435. Tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Idan aka gyara na Baro a tsohon faɗinsa, zai haɗu da tsohon layi a Minna, wanda shi kansa jirgi jefi-jefi yake bi. Idan aka yi shi da sabon faɗi, sai ya jira sabon layi ya iso Minna, ko kuma a koma sauke kaya ana sake lodi a tsakiyar hanya, wato ainihin abin da ya sa ɗan kasuwar Kano ya juya wa Baro baya tun 1916.